Magaribar Kano a Ma'aunin Sain da Kosain

A ranar 3 ga Nuwamba, tsakanin fitowar rana da faɗuwarta a Kano akwai awa 11 da minti 41. A ranar 11 ga Fabrairu kuwa akwai awa 11 da minti 43. Yinin biyu kusan tsawonsu ɗaya. Amma a ta Nuwamba rana tana faɗuwa da ƙarfe 6:00 na yamma, a ta Fabrairu sai 6:31. Rabin awa ke nan tsakanin Magariba biyu na yini masu tsawo ɗaya. Duk wanda ya saba duba jadawalin lokutan salla da ake mannawa a bangon masallaci ya taɓa ganin wannan, ko da bai tsaya ya tambayi dalili ba. Ni kuwa ina ganin babu darasin da ya fi shi nuna amfanin sain da kosain, ma'aunan kusurwa da ake koyarwa a darasin lissafi (ana rubuta su sin da cos), da kuma inda amfanin nasu yake tsayawa idan aka yi gaggawa.

Abin da ake so shi ne ƙa'ida ɗaya ta lissafi wadda za a ba ta lambar kwanan shekara, ita kuma ta faɗi lokacin faɗuwar rana a Kano. Bari mu kira lambar kwanan t: 1 ga Janairu shi ne t = 1, 11 ga Fabrairu t = 42, 21 ga Yuni t = 172, 3 ga Nuwamba t = 307.

Me ya sa sain? A ɗiga fenti a gefen tayar amalanke, a tsaya daga gefe ana kallon tsayin ɗigon daga ƙasa yayin da tayar ke juyawa a hankali. Zai hau, ya kai ƙololuwa, ya sauko, ya kai ƙasa, ya sake hawa. A tsakiyar hawa da tsakiyar sauka yana sauri, a can sama da can ƙasa kuwa sai ya zama kamar ya tsaya. Idan aka zana tsayin nan a takarda bisa tafiyar lokaci, igiyar da za ta fito ita ce sain. Kosain ita ce igiyar nan dai, sai dai an fara ƙirgarta daga ƙololuwa maimakon daga tsakiya, wato tazarar rubu'in zagaye ce kawai tsakaninsu. Duk abin da ke kai-komo a kan ƙa'ida saboda wani abu yana zagaya da'ira, akwai kyakkyawan zaton igiyar nan za ta kama shi. Duniya kuwa tana zagaya rana sau ɗaya a shekara, tana karkace da digiri 23.44, shi ya sa rana take bayyana tana gusawa arewa har zuwa 21 ga Yuni, sannan ta koma kudu har zuwa 21 ga Disamba.

Lambobi huɗu ake bukata kafin a rubuta igiya: layin tsakiya, faɗin kai-komo, tsawon zagaye, da wurin farawa. Kano tana kan digiri 12 arewa da ikwaita. Yini mafi tsawo a cikinta awa 12 ne da minti 50, wato minti 770, mafi gajarta kuma awa 11 da minti 25, wato minti 685. Tsakiyarsu 727.5, rabin bambancinsu 42.5. Zagaye kwana 365 ne. Ƙololuwa tana kan t = 172, don haka igiyar tana ratsa tsakiya tana hawa kwana 91 kafin nan, a t = 81. Sai mu mayar da kwanaki kusurwa:

B = 360° × (t − 81) ÷ 365

Tsawon yini a minti = 727.5 + 42.5 sin B

Mai lura zai ce ai tsakiyar ta kamata ta zama minti 720, awa 12 cif. Ƙarin minti bakwai da rabin nan yana da dalili biyu. Ana ƙirga fitowar rana ne daga lokacin da gefenta na sama ya ɓullo, ba tsakiyarta ba, haka ma faɗuwa sai gefen sama ya ɓace. Sannan iska tana lanƙwasa haske, har mukan ga rana alhali ta riga ta ɗan nutse ƙasa da sararin ido. Biyun sun haɗu sun zama wajen digiri 0.83 safe da yamma.

A gwada ƙa'idar. A ranar 22 ga Afrilu, t = 112, B ya zama digiri 30.6, sain ɗinsa 0.509, tsawon yini minti 749, wato awa 12 da minti 29. Cikakken lissafin masana taurari yana ba da awa 12 da minti 28. A 11 ga Fabrairu ƙa'idar ta ba da awa 11 da minti 41, a 3 ga Nuwamba awa 11 da minti 39. Kuskuren bai wuce minti biyu zuwa uku ba duk shekara. Igiya ɗaya tak, da lambobi huɗu, ta ɗauke nauyin jadawali mai layi 365. Ta kuma bayyana abin da jadawali ba ya faɗa da baki: a ƙarshen Maris da ƙarshen Satumba yini yana canzawa da wajen sakan 44 kowace rana, amma a kwana goman da ke kafin 21 ga Yuni da goman da ke bayanta canjin duka bai kai minti ɗaya ba.

A nan ne mutum yake samun ƙarfin gwiwar da zai kai shi ga kuskure. Tun da an san tsawon yini, ai sai a raba shi biyu a ɗora a kan tsakar rana, Magariba ta fito. Tsakar rana a Kano ba 12:00 ba ce, domin agogon Najeriya an ɗaure shi ne a kan layin digiri 15 gabas da Girinwic ta Landan, inda ake fara ƙirga digirin gabas da yamma, Kano kuwa tana kan wajen digiri 8.5. Kowane digiri minti huɗu ne, digiri shida da rabi ya zama minti 26. Saboda haka matsakaicin lokacin da rana take kaiwa tsaka a Kano 12:26 ne. Samfurin farko ke nan: faɗuwar rana = 12:26 + rabin tsawon yini.

A 3 ga Nuwamba samfurin ya ce 6:15, alhali rana ta faɗi tun 6:00. Wannan jinkiri ne kawai, ba zai ɓata wa kowa azumi ba. A 11 ga Fabrairu ne abin ya zama mai nauyi: samfurin ya ce 6:17, rana kuwa ba za ta faɗi ba sai 6:31. Wanda ya dogara da shi zai sha ruwa minti 14 kafin lokaci, rana tana sama ƙiri-ƙiri. Kuma ba zance ne na nesa ba, domin watan Ramadan yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, kuma a 2026 da 2027 cikin Fabrairu yake kamawa.

Ba a tsawon yini kuskuren yake ba, tunda mun gwada shi ya tsaya. Yana cikin zaton cewa rana tana kaiwa tsaka a lokaci ɗaya kullum. Ba ta yi. A Kano zawali yana zuwa da wajen 12:10 a farkon Nuwamba, ya koma 12:40 a tsakiyar Fabrairu. Yinin gaba ɗayansa, da safiyarsa da yammacinsa, yana gusawa gaba da baya a kan fuskar agogo.

Dalilin yana bukatar a ɗan zauna a kansa. Duniya tana juya kanta sau ɗaya cikin awa 23 da minti 56 da sakan 4, kuma wannan juyi daidai yake tafiya. Sauran kusan minti huɗun da ke cika awa 24 suna zuwa ne saboda kafin ta gama juyi ɗaya ta riga ta gusa wajen digiri ɗaya a hanyarta ta zagaya rana, don haka sai ta ƙara ɗan juyi kafin rana ta dawo tsaka. Wannan ɗan ƙarin ne ba ya zama ɗaya kullum, kuma abu biyu ne suke canza shi.

Na farko, hanyar duniya ba cikakkiyar da'ira ba ce, tana da ɗan tsawo, kamar yadda Johannes Kepler ya bayyana a 1609 game da hanyoyin duniyoyi. A farkon Janairu muna wajen kilomita miliyan 147 daga rana, a farkon Yuli wajen miliyan 152. Idan duniya ta matso kusa takan yi sauri, ƙarin juyin da ake bukata ya ƙaru, rana ta makara a kan agogo. Idan ta yi nisa sai ta rage gudu, rana ta riƙa cike giɓin. Wannan kai-komo sau ɗaya yake zagayowa a shekara, faɗinsa wajen minti 7.7.

Na biyu shi ne karkacewar nan ta digiri 23.44. Agogo yana kula ne kawai da gusawar rana ta gabas da yamma. A Maris da Satumba wani kaso na tafiyar rana yana tafiya ne a hawa arewa ko gangara kudu, sai abin da ya rage wa gabas ya ragu. A Yuni da Disamba kuwa hawa da gangara sun tsaya, tafiyar duka ta koma gabas. Tunda hakan yana faruwa sau biyu a shekara, igiyar da yake haifarwa zagayenta wata shida ne, faɗinta wajen minti 9.9. Idan abubuwan biyu suka haɗu a ƙarshen Disamba, daga zawali zuwa zawali yakan kai awa 24 da kusan sakan 30. A tsakiyar Satumba kuwa yakan gaza awa 24 da wajen sakan 21. Sakan ashirin ko talatin ba komai ba ne a rana ɗaya, amma suna taruwa mako bayan mako har su zama rubu'in awa.

Ƙa'idar da aka saba amfani da ita wajen ƙiyasta wannan tazara tsakanin rana da agogo, a minti, ita ce:

E = 9.87 sin 2B − 7.53 cos B − 1.5 sin B

Sin 2B ɗin nan ita ce igiyar wata shida, domin ninka kusurwa biyu yana sa ta gama zagaye biyu a shekara. Sauran gaɓoɓi biyun kuwa igiya ɗaya ce ta shekara, an rubuta ta da kosain da sain tare don wurin farawarta ya faɗa inda ya dace. Idan E ta fi sifiri, rana ta riga agogo. A 3 ga Nuwamba tana ba da minti 16.4 na riga, a 11 ga Fabrairu wajen minti 14 da rabi na makara. Sau huɗu kawai take zama sifiri a shekara: tsakiyar Afrilu, tsakiyar Yuni, farkon Satumba, da wajen 25 ga Disamba.

Idan aka cire E daga 12:26, aka ɗora rabin tsawon yini, aka tattara gaɓoɓi masu kama da juna, abin da ya rage shi ne:

Faɗuwar rana a Kano = 6:30 + 22.75 sin B + 7.53 cos B − 9.87 sin 2B

Abin da ke bayan 6:30 duk minti ne, a ƙara ko a rage. Duk mai kalkuleta a waya zai iya gwadawa, in dai ya sa ta a ma'aunin digiri. A 11 ga Fabrairu tana ba da 6:31. A 3 ga Nuwamba 5:59, minti ɗaya ke nan tsakaninta da gaskiya, inda da ana maganar minti 15.

Abin da ya fi gamsar da ni game da wannan ƙa'ida ba daidaiton ranakun gwaji biyun ba ne, a'a, yadda take fito da abubuwan da ba mu saka mata ba. Ba mu gaya mata komai game da Magariba mafi sauri ba, amma ta nuna tana zuwa ne wajen 18 ga Nuwamba, da 5:58, fiye da wata guda kafin yini mafi gajarta. Kafin a kai 21 ga Disamba, faɗuwar rana ta riga ta koma 6:07, yini kuwa yana ci gaba da raguwa ne ta ɓangaren safiya, inda fitowar rana take ta makara har zuwa ƙarshen Janairu, ta kai 6:51. Magariba mafi jinkiri ma ba 21 ga Yuni take ba, sai wajen 11 ga Yuli, da 6:55.

Ta kuma warware wani abu da masu azumin 2025 suka gani da idonsu. Azumin ya kama a Najeriya ranar 1 ga Maris, aka yi salla ranar 30. Wannan shi ne lokacin da yini yake ƙaruwa da sauri mafi yawa, amma lokacin shan ruwa a Kano bai gusa da fiye da minti biyu ko uku ba duk watan, daga 6:35 zuwa 6:37. Fitowar rana ce ta matso da wajen minti 17, sahur ya bi ta. Dalili shi ne a Maris igiyoyin suna ja wa juna: ƙaruwar yini tana tura Magariba gaba, zawali kuma yana dawowa baya da kusan gwargwadon haka, sai suka kashe juna da yamma suka haɗu da safe. A kaka abin yakan juye. Daga farkon Satumba zuwa tsakiyar Oktoba duka biyun suna ja ɓangare ɗaya, Magariba ta zube da kusan rabin awa cikin mako shida.

A nan nake da magana da masu koyar da lissafi a makarantunmu. Misalin tsawon yini da igiya ɗaya yana da kyau, amma ya fi dacewa da ƙasashen da ke nesa da ikwaita. A Landan yini yana kaiwa awa 16 da minti 38, ya sauko ƙasa da awa 8. Faɗuwar rana a can tana kai-komo da fiye da awa biyu kowane ɓangare, ban da canjin agogo da suke yi, don haka minti 16 na E ƙaramin gyara ne a gefe. A Kano kai-komon da tsawon yini yake jawo wa Magariba minti 21 ne kacal, E kuwa tana kai 16. Kusan kai ɗaya suke. A Legas, digiri shida da rabi daga ikwaita, rabin kai-komon yini bai wuce minti 11 ko 12 ba, E ce ma take rinjaye. Abin da ɗalibin Turai zai iya tsallakewa ba tare da asara ba, a wurinmu shi ne rabin labarin. Ɗalibin da ya haddace sain na kusurwa 30 don jarrabawa, ya kuma wuce jadawalin masallacin unguwarsu sau biyar a yini, ya cancanci a nuna masa cewa abu ɗaya yake kallo.

Magabata ba su sha wannan wahala ba ta wannan fuska, kuma ba don ƙarancin ilmi ba. Al-Battani, wanda ya yi aiki a Raƙƙa ta ƙasar Siriya ya rasu a 929, da sain yake lissafin taurari. Ibn Shaɗir, mai kula da lokutan salla a Masallacin Banu Umayya da ke Dimashƙu, ya ƙera wa masallacin babban agogon inuwa a wajen 1371. Masana irinsu sun san cewa tafiyar rana ba daidai take ba, amma mai tsayar da Azahar da inuwar sanda ba ya bukatar gyara, domin ranar da kanta yake kallo. Tazarar ta shigo rayuwar yau da kullum ne bayan an sami agogon ƙarfe mai tafiya daidai, tun daga agogon lilo na Christiaan Huygens a 1656, aka fara auna rana da shi. Dabarar tara igiyoyi masu zagaye daban-daban don su fitar da kowane irin kai-komo kuwa Joseph Fourier ne ya kafa ta sosai a 1822, yana binciken yaɗuwar zafi. Abin da muka yi a nan ƙaramin misalinta ne: igiyar shekara da igiyar wata shida.

Ƙa'idar tana ƙaura zuwa wani gari cikin sauƙi, in an san abin da za a taɓa. E ba ta canzawa, ɗaya ce a duk duniya a rana guda. Gusawa gabas ko yamma tana canza layin tsakiya ne kawai: Maiduguri tana riga Kano da wajen minti 18 ko 19, Sakkwato tana bin bayanta da wajen minti 13, wato fiye da rabin awa tsakanin garuruwan biyu duk da agogonsu ɗaya. Gusawa arewa ko kudu ita ke canza faɗin kai-komo: 42.5 na Kano yakan zama wajen 61 a Agadas, wajen 23 a Legas. Idan aka ci gaba da tafiya arewa sosai, igiyar sain takan fara gaza bin tsawon yini, har a wuce digiri 66 da rabi inda akwai kwanakin da rana ba ta faɗuwa sam, ƙa'idar ta daina aiki.

Ko a Kano ma akwai abin da ba ta sani ba. Ta ɗauka sararin ido shimfiɗe yake ba gini ba tudu, alhali wanda ke kan Dala yana ganin rana bayan ta ɓace wa na ƙasa. Ta ɗauka lanƙwasar haske ɗaya ce kullum, alhali zafi da sanyin iska suna ɗan canza ta. A hunturu hazo yakan haɗiye rana tun tana sama, ido ya kasa tantance faɗuwarta, kuma a irin wannan yanayi ne lissafi ya fi amfani, in an bar masa ratar minti biyu ko uku na kuskurensa. Ba zan ba kowa shawarar ya sha ruwa da wannan ƙa'ida kaɗai ba. Amfaninta shi ne a riƙe ta a gwada jadawalin da aka samu a hannu: idan jadawali ya ce Magaribar Kano a tsakiyar Fabrairu 6:17 ce, ko aka ga an ɗauko na wani gari an manna, nan take za ta tona.

Asuba kuwa ba ta shiga wannan lissafi kai tsaye, domin alfijir yana fitowa ne rana tana can ƙasa da sararin ido, kuma masu tsara jadawali sun bambanta a kan zurfin da za a ɗauka. Wasu suna amfani da digiri 18, hukumar safiyo ta Masar kuwa 19.5, bambancin da yakan kai minti shida ko bakwai a Kano. A kan digiri 18, tsakanin alfijir da fitowar rana akwai wajen minti 70 a Maris da Satumba, 76 a Disamba, 79 a Yuni. Wato shi ma yana da tasa igiyar ta wata shida. Idan aka ɗora shi a kan tsawon yini, azumi mafi tsawo a Kano yana kaiwa wajen awa 14 da minti 10, kamar na 2015 da 2016 da suka ratsa ƙarshen Yuni, mafi gajarta kuma wajen awa 12 da minti 40, wanda zai dawo a farkon shekarun 2030 idan Ramadan ya sake faɗawa cikin Disamba.